Wace Irin Wahala Tsofaffin Hannu Ke Nema a Wasannin Intanet?

A teburin wani mai shayi a Samaru, bayan sallar Isha'i, na zauna tsakanin wa da ƙani suna musun da ya kai su har shayinsu ya huce. Babban cikinsu abokina ne tun muna ɗalibai, ya fara buga World of Warcraft lokacin da yake karatu a Malesiya, kuma har yau bai daina ba. Ƙaramin yana aji uku a jami'a, shi a waya yake nasa wasan, Albion Online da Old School RuneScape.

Babban ya ce, "An lalata wasannin nan. Da can sai ka yi wata uku kana shan kashi a hannun dodo ɗaya kafin ka kayar da shi. Yanzu yaron da ya shigo jiya ma jarumi ne."

Ƙaramin ya ce, "Yaya, kai kana da sola da inbata. Ni dodon da nake yaƙi da shi kullum ba a cikin wasan yake ba. Idan suka ƙara masa ƙarfi don su faranta maka, ni sun kore ni ke nan."

Na jima ina juya maganar nan. Abin da na fahimta shi ne, kalma ɗaya suke furtawa, wato wahala, amma kowa da abin da yake nufi. Haka musun yake a ko'ina cikin duniya tun fiye da shekara ashirin, kuma shi ya sa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ga wanda bai san irin waɗannan wasanni ba, duniya ce guda da dubban mutane ke shiga ta intanet a lokaci ɗaya. Kowa na da jarumin da yake reno wata da watanni, yana hawa mataki-mataki, yana tara makami da sulke. Idan ya kai ƙarshen matakan sai ya shiga aikin gayya: mutum takwas, ko ashirin, ko arba'in su haɗu su far wa wani babban dodo. Wasu su ne garkuwa, suna tare duka. Wasu masu magani ne, suna warkar da waɗanda aka jikkata. Sauran su ne masu kai sara. Mutum ɗaya ya yi kuskure, sai a kwashe su duka, a koma farko.

A wasan da mutum yake bugawa shi kaɗai a ɗakinsa, matsalar ba ta taso ba. Ka zaɓi mai sauƙi ko mai tsanani, ba ruwan kowa. Amma a nan kasuwa ɗaya ce, dawa ɗaya ce, kuma wanda ya yi awa dubu goma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wanda ya yi awa goma. Duk ƙarfin da aka ba dodo, ko ya yi wa wannan kaɗan ko ya yi wa wancan yawa.

Kamfanin Blizzard, mai World of Warcraft, ya sha wannan darasi da wuri. Wasan ya fito a Nuwamba 2004, kuma manyan yaƙoƙinsa na mutum 40 ne. A 2006 suka fitar da Naxxramas, wurin da aka ƙawata, aka zuba masa aiki da basira, amma 'yan ƙalilan ne daga cikin miliyoyin masu biyan kuɗin wata suka taɓa leƙa cikinsa. Kamar a tara kuɗin gari ne a gina katafaren zaure, sannan a ce mutum goma kaɗai za su shiga. A 2008 suka dawo da shi, an sassauta, na mutum 10 ko 25. Daga nan aka fara hawa tsanin da ake kai yau: a 2011 aka kawo Raid Finder, inda na'ura ke haɗa ka da baƙi ku yi yaƙin a mafi sauƙin siffarsa, a 2014 kuma aka kafa Mythic, na mutum 20 cif, matakin da ƙwararru ke faɗuwa sau ɗaruruwa kafin su ci. Yanzu dodo ɗaya yana da fuska huɗu. A 2017 ƙungiyar Method ta faɗi fiye da sau 600 a gaban dodon da ake kira Kil'jaeden kafin ta zama ta farko a duniya da ta kayar da shi a mataki na sama, alhali wani yana gamawa da shi a matakin ƙasa cikin dare ɗaya.

A duk cikin wannan tarihi, abin da ya fi burge ni shi ne Ulduar, wani wurin yaƙin gayya da suka fitar a 2009. A can ba a jerin zaɓi ake sa wahala ba. A ɗakin wani dodo mai suna Mimiron akwai babban jan maɓalli a bango, an gargaɗe ka kada ka taɓa. Ƙungiyar da ta ji ta isa sai ɗaya daga cikinta ya je ya danna, ɗakin ya kama da wuta, a fara ƙidaya lokaci. Kun ga a nan mutanen ne suka kalli juna suka ce mun shirya, kamar yadda ɗan dambe ke ratsa fili ya nuna wanda yake so da hannunsa. In ban da sauƙin gudanarwa, ban san dalilin da zai sa a bar wannan tsari ba, amma an bar shi a cikin 2009 ɗin, aka koma zaɓi kafin a shiga.

To, da gaske ne da can ya fi wuya, kamar yadda abokina ya dage? Sa'a ce aka samu, an gwada. A Agusta 2019 Blizzard ya sake buɗe tsohon wasan da sunan Classic. Ragnaros, dodon wutar da ya ɗauki mutanen farko kusan wata biyar kafin a kayar da shi a 2005, bai cika mako ɗaya a tsaye ba. Gaskiya ne sigar da aka dawo da ita ta ƙarshen zamanin ce, wadda jarumai suka fi ƙarfi a cikinta, amma wannan kaɗai bai isa ya mai da wata biyar kwana shida ba. Abin da ya canza shi ne mutanen. A 2005 ba wanda ya san abin da dodon zai yi, kwamfutoci na tafiyar hawainiya, kuma tara mutum 40 su zauna awa huɗu ba tare da wani ya ɓace ba shi kansa yaƙi ne. A 2019 kowa ya haddace komai, an lissafa makamin da ya fi kowane, an san inda za a tsaya.

Wannan ita ce gaskiyar da ke yi wa tsofaffin hannu ɗaci. Kaso mai yawa na wahalar da suke kewa rashin sani ne, kuma wanda ya sani ba ya komawa bai sani ba. Yau kafin a saki sabon dodo an riga an gwada shi a fili, an ɗora bidiyon yadda ake cin sa a YouTube. Sannan aka samu manhajojin taimako irin su Deadly Boss Mods da WeakAuras, waɗanda suka riƙa yi maka ƙara su ce gudu, su ce matsa hagu, su ƙidaya maka daƙiƙun da suka rage. Masu tsara wasan da suka ga haka sai suka riƙa ƙara wa dodanni sarƙaƙiya don su rinjayi manhajojin, masu manhaja su ma suka ƙara ƙaimi. Wanda ya sha wuya a wannan tsere shi ne talakan ɗan wasa da ya shigo da idonsa da hannunsa kawai.

Akwai kuma wahalar da ba ta auna komai sai juriyar zama. A 2008, a wasan Final Fantasy XI, wata ƙungiya ta yi awa 18 tana fafatawa da dodon da ake kira Pandemonium Warden, har wasu daga cikinsu suka fara rashin lafiya, suka haƙura ba su ci ba. Kamfanin Square Enix ya rage masa ƙarfi, ya sa iyakar awa biyu. Ba na jin akwai mai hankalin da zai kira wancan gwajin gwaninta. Duk da haka, idan ka saurari masu kukan an sauƙaƙa wasa da kyau, sau da yawa irin wannan suke nufi: a dawo da doguwar tafiya, a dawo da kashe ƙananan dodanni dubu kafin a samu abu ɗaya, don kada wanda bai ba da lokacin da suka ba ba ya iso inda suke.

An taɓa gina wasa sukutum a kan wannan buƙata. WildStar ya fito a Yuni 2014 yana tallan kansa ga masu son tsanani, da yaƙin mutum 40 da jerin sharuɗɗa masu tsawo kafin a bar ka ka shiga. A 2015 ya koma kyauta don neman mutane, a Nuwamba 2018 aka rufe shi. Ba wahala kaɗai ta kashe shi ba, yana da wasu matsalolin, amma ya nuna abu ɗaya ƙarara: masu neman tsanani muryarsu ta fi yawansu. Final Fantasy XIV ma ya ɗanɗana a 2015, lokacin da yaƙin Alexander Gordias a matakinsa mai wuya da ake kira Savage ya yi tsananin da ƙungiyoyi da yawa suka watse, masu tsara wasan suka gane sun wuce gona da iri.

Kada a ɗauka ina goyon bayan ƙanin ne ɗari bisa ɗari. Abokina yana da hujjar da ta fi wadda ya faɗa a teburin shayi. Wasan da ya cika sauƙi ba ya koyar da kowa komai. Dubi The Elder Scrolls Online. A 2016 aka yi masa gyaran da ake kira One Tamriel, wanda ya daidaita ƙarfin duk dawar da matakin ɗan wasa, kowa ya je inda yake so tare da wanda yake so. Abu ne mai kyau ga abokai. Amma tsofaffin hannu sun yi shekaru suna kuka cewa labari zai yi ta zuzuta wani mugun sarki na awa goma, ka iso gabansa ka kashe shi da sara uku. Wannan ya ɓata labarin. Ya kuma cuci sabon shiga, domin ya kai matakin ƙarshe bai taɓa koyon kare kansa ko kauce wa duka ba, sai ranar da ya shiga gayyar manya a kwashe shi cikin minti ɗaya, a zage shi, ya fita bai san laifinsa ba. A gidan dambe ba a haɗa yaro da shago ranar farko, amma kuma ba a barinsa ya yi ta dukan iska shekara guda sannan a tura shi gaban shagon. Yara ne ke sharar fage da junansu, a hankali hannu ke nauyi. Abin da wasanni da yawa suka rasa ke nan, matakan tsakiya. The Lord of the Rings Online ya gwada wata hanya tun 2021, inda mutum ke ƙara wa dawar ƙarfi a kansa shi kaɗai, na kusa da shi bai ji komai ba, kuma ina ganin hanyar tana da kyau.

Inda gizo ke saƙar shi ne lada. Kowa zai yarda a yi matakai, mai so ya hau. Rigimar tana farawa ne idan aka tambaya me za a ba wanda ya hau. In makamin da ya fi kowane ƙarfi yana matakin sama ne kaɗai, to zaɓin ya zama dole, domin wanda bai da shi ba za a ɗauke shi a gayya ba. Nan ne 'yan wasa ke gina wa junansu katangar da kamfani bai gina ba. Tun zamanin GearScore a 2009 har zuwa Raider.IO na yau, manhajojin da ke ba kowane ɗan wasa maki, ana duba makinka kafin a amsa sallamarka: ba za a ɗauke ka ba sai ka taɓa ci, kuma ba za ka ci ba sai an ɗauke ka. In kuma ba a ba da komai ba, tsofaffin hannu su ce to don me za mu sha wuya?

Amsar da ta fi gamsar da ni tana Final Fantasy XIV. Tun Oktoba 2017 suke fitar da yaƙoƙin da suke kira Ultimate, na mutum takwas, kusan minti ashirin na motsi a jere wanda kuskure ɗaya ke rusawa, ƙungiya kan yi makonni ko watanni tana koyo. Ladan shi ne makami mai walƙiya da laƙabi a saman suna. Ƙarfinsa bai fi na abin da ake samu a wasu wurare da wani abin kirki ba, amma duk wanda ya gan ka a dandalin gari ya san abin da ka yi. Old School RuneScape ma yana da irin wannan tun 2014, tsarin Ironman, inda mutum ke haramta wa kansa ciniki da kowa, komai sai ya nema da hannunsa, ladansa 'yar alamar kwalkwali a gefen suna. Mutane da yawa sun rungume shi. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. Ɗan damben da ya yi kisa a gaban jama'a, abin da ya fi daɗe masa ba kuɗin da aka liƙa masa ba ne, kirarin da makaɗi zai saka sunansa a ciki ne. Tsohon hannu yana son a san shi, kuma ban ga aibu a wannan ba, matuƙar ba a toshe wa wani hanya don a ba shi ba.

Sai dai suna ma yana da nasa haɗari. A Janairu 2023 ƙungiyar da ta fara cin The Omega Protocol, ɗaya daga cikin yaƙoƙin Ultimate, an gano ta yi amfani da haramtacciyar manhaja mai faɗaɗa abin da ido ke gani, aka ƙwace mata laƙabi da makaman. Idan wahala ta kai wani matsayi, wasu za su nemi ta bayan gida.

Yanzu bari in dawo gida, domin akwai wahalar da ba mai tsara wasa da ya zauna ya zana, ita ce wadda ƙanin yake nufi. Manyan na'urorin da ke riƙe da waɗannan wasanni, waɗanda ake kira saba, mafi kusa da mu suna Turai. Duk maɓallin da ka danna a Samaru ko Tudun Wada sai saƙon ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya je ya dawo. Wayar MainOne da aka buɗe a 2010 tana da tsawon kilomita kusan 7,000 daga Legas zuwa Fotugal. Haske a cikin irin wannan waya yana tafiyar kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa, ke nan zuwa da dawowa a tekun kaɗai ya ci milisakan 70 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), kafin a sa tafiyar Zariya zuwa Legas, da ta Fotugal zuwa inda sabar take, da cunkoson eriyar unguwa da daddare. A wayata nakan ga jinkirin milisakan 150 zuwa 200 a ranar da abubuwa ke tafiya daidai. Abokin wasana da ke Jamus yana ganin 20 ko 30. Idan dodo ya ba da rabin daƙiƙa a kauce wa wuta, shi rabin daƙiƙar ya samu, ni an riga an cinye mini kusan sulusi ko fiye kafin in gani.

Wannan a rana mai kyau ke nan. A 14 ga Maris 2024 wayoyin teku da dama suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi kwanaki yana ɗingishi. A Oktoba na shekarar, yawancin Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, ga man janareta da ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafi a Mayu 2023. Dodon da ke buƙatar faɗuwa ɗari biyu kafin a ci shi, a wurinmu lissafin lita da gigabait ne. Ga kuma lokaci: ƙungiyoyin Turai sun fi fara gayya da misalin bakwai ko takwas na dare, daidai tsakanin Magariba da Isha'i, kuma mutum goma sha tara ba kasafai suke jiran ɗaya ba.

Shi ya sa irin wahalar da ake zaɓa take da muhimmanci a gare mu fiye da yawanta. Ɗauki tsarin mutuwa ɗaya, wanda Blizzard ya buɗe wa Classic a Agusta 2023: jaruminka ya mutu sau ɗaya, shi ke nan, aikin wata uku ya tafi, kuma tun farko an shaida wa kowa cewa yankewar layi ba uzuri ba ce. Ga mutumin Turai wannan gwajin natsuwa ne. Ga wanda ake iya ɗauke wa wuta yana tsakiyar kogon dodanni, caca ce. Haka baƙaƙen yankuna na Albion Online, inda wanda ya kashe ka yake kwashe duk abin da ke jikinka, ko da yake buɗe sabar Turai a 2024 ya rage mana nisa sosai idan aka kwatanta da lokacin da sai an je Amurka. Old School RuneScape kuwa yana tafiya ne da bugun da ke zuwa duk bayan kashi shida cikin goma na daƙiƙa, don haka jinkiri matsakaici ba ya kashe ka a yawancin wurare. Ba mamaki shi ne ya zauna a wayar ƙanin abokina.

Ni ina tare da tsofaffin hannu a kan cewa su ma suna da haƙƙin samun abin da zai sa gabansu ya faɗi. Mutumin da ya ba wasa shekara goma bai kamata a bar shi yana hamma ba. Amma wahalar da nake roƙa musu ita ce irin ta dara. Dattawan da ke zama a gindin bishiya a cikin birni suna dara, ba saurin hannu ke raba gwani da ɗan koyo a cikinsu ba, hangen abin da abokin karawa zai yi nan da motsi uku ne. Dodon da ke canza salo har bidiyo ya kasa haddace shi, wanda ke tilasta wa mutum takwas su yanke shawara tare su rarraba aiki, wanda ke hukunta mummunan tunani fiye da jinkirin yatsa, wannan zai gwada ɗan Zariya da ɗan Jamus a kan sikeli ɗaya. Ƙara wa dodo jini ninki goma ko rage lokacin kaucewa zuwa ƙiftawar ido shi ne mafi arha a wurin kamfani, kuma shi ne ke fara zubar da mu.

A 2025 Blizzard ya sanar cewa zai taƙaita abin da manhajojin taimako ke iya gani a lokacin yaƙi, tare da alƙawarin cewa dodannin da kansu za su riƙa nuna abin da za su yi a fili, a kuma ba mutane isasshen lokacin amsawa. Abokina ya yi murna, ya ce yanzu za a san masu ido. Ni rabin farko na sanarwar bai dame ni ba kamar rabi na biyu. Ƙarar da manhajar ke yi daƙiƙa uku kafin wuta ta sauko ita ce ke cike mana gibin tekun nan shekara da shekaru. In sun cire ta suka cika alƙawarin ƙarin lokacin, mun samu wasan da ya fi na da adalci. In sun cire ta suka bar rabin daƙiƙar yadda take, abokina da kansa, da solarsa da inbatarsa, zai koma matakin da yake yi wa dariya.